Lamba Takwas

A bayan Alkaleri, inda hanya ta karkata zuwa Mainamaji,
akwai wani faƙo da ko akuya ta raina.
Nan Bappa Jungudo yake kai ni ran Asabar,
bindiga mai baki biyu a kafaɗa,
takardar izininta a ninke cikin hula.
Shekara talatin ya yi yana gadin namun gandu,
yanzu abin da yake harbi ba ya jini.

Adda Lanti ke gina mana su,
faya-fayan yumɓu, faɗin tafin hannu,
ta gasa su sama-sama don kada su yi taurin kai.
Ta ce tun da take ba ta ga ciniki irin wannan ba,
a biya ka don ka yi abin da ba shi da ƙarko.

Ranar farko da harsashina na zo,
lamba huɗu, ragowar na zabin daji.
Na ce ai babba babba ne.
Goma Talle ya wurga sama,
goma suka sauko lafiya lau,
ɗaya har ya gangaro ya kwanta gefen takalmina
kamar mai son mu gaisa.

Bappa bai yi dariya ba.
Ya zazzage cikin harsashi biyu a murfin kwano.
Nawa kamar dawa, ɗari da 'yan kai.
Nasa, lamba takwas, kamar gero, sun kai ɗari huɗu.
"Lissafin masu ƙera shi a juye yake," in ji shi,
"lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa.
Zabo na da gashi da ƙashi, shi sai da nauyi.
Wannan kuwa laka ce. Ƙwaya uku sun ishe ta,
amma sai sun same ta."

Ya kafa takardar buhun siminti a gaban tudu,
ya leƙa ko da makiyayi a baya,
muka ƙirga taku talatin, na harba.
Sai ya ɗora faifai a kan takardar
yana zamar da shi tsakanin huji da huji.
Nan ya zauna bai taɓa ko ɗaya ba.
Nan ma. Nan ma.
"Ga ƙofofin da ya bi ya wuce ka."
Ta lamba takwas kuwa ta fito kamar rariya,
ko ƙuda sai ya yi addu'a.

Na ce to a ba ni tara, tunda ta fi yawa.
"Tara ta kusa ce, ta mai gilmawa ta gaban hancinka.
In ya ba ka baya ya miƙa,
kafin ta cim masa ta gaji,
ƙura kawai za ta kakkaɓe masa.
Can sai bakwai da rabi, mai guzurin tafiya.
In ba ka san ta inda zai ɓullo ba,
riƙe takwas, ka daina surutu."

Sai a Asabar ta uku na ga faifai ya zama hayaƙi.
Na juyo ina jiran yabo,
ya ce in karya bindigar tukuna.

Bara yana ta sauka a idonsa na dama.
Yanzu a kan dutse yake zama, auduga a kunne,
ba ya ganin faifan, kafaɗata yake kallo.
"Ka tsaya da hannu. Bayansa ka harba."
Kuma bai taɓa kuskure ba.

Da yamma mukan bi faƙon muna tsintar kwanso,
da waɗanda suka tsira.
Su Adda Lanti ke karɓewa, ba ta mayar da ko kwabo,
tana rufe bakin tulu da su.
Jiya na sha ruwa a gidanta,
na ga murfin da huji guda, ƙanƙane kamar gero,
haske na bi ta ciki.
Ta ce, "Naka ne wannan.
Ka same shi, bai dai yarda ba."