Daren Sabuntawa a Asawase

Ƙarfe biyu saura, ruwa ya tsagaita,
rufin ofishinmu na ɗiga cikin bokiti.
Ni kaɗai ne, sai fanka mai tsaki,
sai rabin kenke da ya huce a leda.

Na'urori uku ke riƙe da littafin adashin matan Kejetiya:
ɗaya nan gefena, ɗaya a Ankara, ɗaya can Tamale.
Sidi goma ba ya shiga littafi
sai biyu cikin uku sun ce mun gani.
Haka kakata ke ba da bashin goro, gaban shaidu,
ita dai nata shaidun suna tauna.

Ta Ankara ta hau siga ta ashirin da uku tun jiya,
ta nan na ɗaga ta bayan isha'i.
Ta Tamale na ashirin da biyu, an ɗauke musu wuta,
Kwabena ya ce man janareta sai da safe.

Ga jadawalin a gabana, layi bisa layi:
wannan ana yi, wannan ba a yi,
wannan gwaji ne, kar ka ɗora masa kuɗin mutane,
wannan an sallame shi, yana haɗa kaya.

Sabuwar ta iya ajiye asusun kowa kusa da garinsa,
ta iya gyara shafi ba ta rufe kasuwa ba.
Ta iya, amma ta kame bakinta.
Muddin 'yar'uwarta ta arewa ba ta iso ba
da tsohon harshe za su zanta su duka,
yadda nake tuɓe Turancina tare da takalmi
in zan shiga gaida Baba.

A layi na arba'in da ɗaya na tsaya.
Jeren suna da Mutawakilu ya ƙera da hannunsa
shekara shida baya, kafin jirgin ruwa ya ɗauke shi daga Tema,
shi ya koya wa rumbun nan cewa ɗ na bin d,
ƙ kuma maƙwabciyar k ce.
An ja masa jan layi. Babu shi a sabuwa.

Na gwada a kan kwafi.
Ɗayyaba mai albasa ta zame,
ta faɗo can ƙasan Zuwera.
Kuɗinta na nan, ko pesuwa bai yi ciwon kai ba.
Amma Sahadatu mai karɓa da yatsa take neman suna,
rana a ka, mata goma na jira,
za ta duba, ta sake dubawa,
ta ce, Hajiya, ba kya cikin littafi.
Na san muryar Ɗayyaba. Duk layin albasa ya san ta.

Akwai maɓalli na ƙarshe.
In na danna, ƙofa ce da ba ta buɗewa ta baya.
Shugaba na son sabon rahoto ran Litinin,
har ya yi wa kwamiti alkawari.

Na jawo takarda na fara kwafe dabarar Mutawakilu,
ko zan iya ɗinka mata riga daidai sabon jiki.
Rabin aikin bai bar bayani ba,
sai kalma ɗaya a gefe: kar a taɓa.

Ladan ya yi gyaran murya a Aboabo.
Mai koko ta fara hura wuta.
Tamale ta farka, ta yi sallama da tsohon harshe,
sauran biyun suka amsa.
Na bar maɓallin, na tafi zubar da bokiti.