Rabin Ludayi

A Aboabo, gab da bakin kwata,
Mma Lariba kan shimfiɗa buhu ta jera saiwoyi,
ɗaci a dama, ƙamshi a hagu,
a tsakiya wata rawaya
wadda maƙwabtanmu Asante ke kira nibima.
Shekara arba'in tana auna wa masu zazzaɓi.

Da korona ta kulle Kumasi,
yaran mota suka daina kiran Kejetiya,
masallaci ya yi tsit ran Juma'a,
sai ta ƙulle min saiwar a tsumma:
"Kai wa injinan naku su ɗanɗana."

Na kai.
Ni jikarta, mai farar riga da safar hannu ninki biyu,
na daka, na jiƙa, na tace, na sake tacewa
har abin da ya rage bai cika cokalin shayi ba.
Wata bakwai ina ɗiga shi
a faranti mai rijiya casa'in da shida,
kowace rijiya gidan ƙwayoyin rai
da baƙon da ya sauka musu ba sallama.
Sau biyu wuta ta ɗauke, firji ya yi gumi,
aiki ya koma ɗanye.

Wata Talata Dakta Boakye ta yafuto ni.
A layin farko baƙo ya mutu,
masu gida sun bi shi.
A layin ƙarshe kowa garau, har baƙon.
Can tsakiya, rijiya uku kacal,
gida na tsaye, baƙo ya yi laushi.
"Faranti ba huhu ba ne," in ji ta.
"Ɓera na gaba, sannan mutum,
kuɗi kuwa ko ƙurarsu."

Da magariba na koma ina juya magana a baki.
"Mma, in ya yi yawa kisa yake,
in ya yi kaɗan ruwa ne kawai."
Ba ta ɗago daga kankarar ɓawo ba.
"Wata bakwai?
Kin taɓa ganin na cika wa wani ludayi?"

Ina cikin dariya ta yi tari,
busasshe, sau biyu.
Na ciro takunkumi na ɗaura mata,
ta bari, abin da ba ta taɓa yi ba.
Ta cikin ƙyallen ta ce,
"Nawa awon na ido ne.
Je ki gama naki, amma ki ɗaga ƙafa."