Ido Ba Mudu Ba Ne

Shekara shida ina leƙen ƙwayar idon mutane a Kano.
Na san inda jijiya ke shiga, na san inda haske ke karyewa,
na san yana tun tana sirara kamar tururin kunu.
Ba malamin da ya ce min gilashi sayo shi ake yi,
ko mai ɗaki yana zuwa ran ɗaya ga wata
ko ka duba ido ɗari, ko ba ka duba ko ɗaya ba.

Na dawo Gujungu,
na kama ɗaki a bayan layin masu riɗi,
na kafa allon haruffa a bangon da yabensa bai gama bushewa ba.
Ran Lahadi layi har bakin rijiya.

Baba Sallau tela ya zauna, na ɗora masa gilashi na uku,
ya yi shiru,
ya zaro allura daga hularsa, ya zura zare karo ɗaya,
ya ce, "Ashe ramin yana nan."
Wa zai kalli wannan fuskar ya ce kawo kuɗi?
Na ce je ka, sai ka samu.
Haka na ce wa mai jaki, haka na ce wa ungozoma,
haka na ce wa Gujungu kaf.

Wata bakwai. Janareta ya yi tari ya mutu.
Akwatin tabarau ya koma gidan gizo-gizo.
Wata mata ta taso tun daga Sule Tankarkar da jikanta a hannu,
ta tarar da kwaɗo a ƙofa,
ni kuwa ina ciki, ina jin takunta yana komawa.

Goggo Tasalla, wadda ba ta san bihim ba,
amma tiya arba'in ba ta ɓace mata a ka,
ta juya littafin bashina sama da ƙasa, ta ajiye.
"Haladu, ka ci uwar kuɗi kana kiranta sadaka.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Naka idon fa?"

Sai na koma aji, Asabar Asabar, a bayan motar shanu,
in zauna da 'yan banki masu ɗaure wuya,
in koyi yadda inji ke tsufa a kan takarda
kafin ya tsufa a ɗaki.
Rabin abin da suka faɗa da dogon Turanci
Goggo ta riga ta faɗa tana tankaɗe.
Ɗaya rabin ba ta sani ba:
yadda ake rubuta wa masu jari takarda su karanta har ƙarshe,
yadda mu huɗu, daga Ringim zuwa Gumel,
za mu haɗa oda guda, farashi ya rusuna.

Akwai kuma abin da na bar musu a ajin.
Sun ce wanda ba shi da albashi hatsari ne.
Ba su taɓa ganin Gujungu da kaka ba.

Yanzu littafina yana bin damina:
a duba ka da bazara, ka biya in an buge riɗi.
Mai hali ya sayi firam mai ruwan zinariya,
ribarsa ta sai wa ungozoma nata.

Ɗalibai kan tsayar da ni su ce, "Digiri biyu, bai yi yawa ba?"
Nakan ce ban sani ba.
Wani gidansu akwai Goggo, wani babu.
Abin da na sani, hawan jinin ido ba ya jiran a buɗe shago,
kuma matar Sule Tankarkar ba ta dawo ba.

Jiya Baba Sallau ya kawo min riga,
ɗinkin hannu, aska biyu, zare bai kauce ba ko sau ɗaya.
Na buɗe littafi, na nemo sunansa,
na tsaya da biro a sama,
ina tunanin shafin da ake rubuta irin wannan.