Kafaɗar Hagu

Shekara ashirin da bakwai
ina hawan tuddan Valparaíso
da jakar wasiƙu a kafaɗar hagu.
Matakala ɗari da sha biyu zuwa gidan tsohuwar nan
mai jiran takardar ɗanta daga ma'adinan arewa.
Jaka ta yi murabus, ta koma kan ƙusa a bayan ƙofa,
kafaɗa kuwa labari bai iso mata ba:
har yau a karkace take,
tana dakon abin da babu.

Da dare ciwo kan sauko kamar jerin tururuwa,
daga wuya zuwa kwankwaso,
ya ya da zango a ɗan yatsan ƙafa.
Na sha ƙwaya har cikina ya kai ƙara.

Ximena, autata, ita ta ja ni.
Ɗaki a hawa na uku, ƙamshin kafur,
taga tana kallon jiragen ruwa.
Mai tausar Fresia ce, gajeriya,
hannu irin na masu murza fulawa.
Ta ce, "Kwanta rubda ciki, sa fuska a ramin gadon."
Duniyata ta koma daɓe
da takalminta na roba shuɗi.

Wannan ba shafa ba ce.
Babban yatsa ya nutse, ya wuce fata,
ya wuce naman da ke gaisawa da mutane,
ya je can ƙasa inda tsoka ta ƙulle ƙofarta.
Ta kafa gwiwar hannu. Na ciji tawul.
"Numfasa, Heriberto.
Wannan kullutun ya girmi 'yarka."

Sai ga wasiƙar wata ranar ruwan sama,
wadda matar ta buɗe a gabana
ta zauna a ƙasa ba ta ce uffan ba.
Ashe ƙarƙashin allon kafaɗa na ajiye ta.
Hawayena ya ɗiga ta ramin gadon,
kusa da shuɗin takalmi. Ba ta tambaya ba.

Daga nan sai ɗakin Ugarte, mai daidaita ƙashi.
Ya bi gadon bayana da yatsu
kamar mai neman lambar gida a cikin duhu,
ya naɗe ni gefe, ya ce in saki jiki,
ƙas! ƙas!
Na ce shi ke nan, na karye.
Na motsa ƙafa, ta amsa.
Dariya ta kuɓuce mini, irin ta yara.

Alhamis biyar ke nan.
Ciwo bai kwashe kayansa ba,
ya dai koma ƙaramin ɗaki,
yana biyan haya da ɗan tsami da asuba.

Jiya a bakin teku wani ya kira sunana ta hagu.
Na waiga.
Wuya kaɗai, ban juya da dukan jiki ba.
Ban ma ga mai kiran ba,
na dai tsaya nan ina ta waige
kamar wanda aka ba sabon takalmi.