Takardun da Na Yanka

Ni tela ne a Garwa, bakin kasuwa,
Inda iskar Binuwai ke kawo ƙarnin kifi da safe.
Na san awon kafaɗa, na san faɗin wuya,
Amma baƙin Faransanci in ya hau takarda,
Sawun kaji ne a rairayi, ban iya bin sa ba.

Jaratu 'yata tana ajin ƙarshe a lakwal.
Lokaci lokaci takan dawo da takarda a ninke,
Da jan hatimi a gindi kamar tofin goro.
"Me suka ce?"
"Baba, gaisuwa ce."
Sai in ce madalla, ina amsawa,
Wanda ya gaishe ka ai bai yi laifi ba.

Takardar kuwa mai kauri ce, almakashi na son ta.
Daga ta farko na fitar da samfurin wuyan riga,
Ta biyu ta zama aljihu,
Ta uku na naɗe allurai a cikinta.
Wata huɗu ina ɗinka wa gari maganar makaranta,
Ni da masu rigunan ba mu ji ko kalma ba.

Ran wata Laraba sai ga Mushe Taiwe,
Dogo, da farin alli har a gira,
Ya kawo wandon da sarƙar keke ta ci wa ƙafa.
Ya zauna a benci, idonsa ya faɗa kan tebur.
Ya ɗaga wuyan takardar nan ya duba a haske,
Ya ga rabin sunansa,
Sauran rabin yana ƙasa cikin ƙyallaye.
Ya yi shiru. Ni ma ban tanka ba.

Da guntuwar Hausarsa da guntun Fulatancina
Muka harhaɗa zance kamar zanen faci.
Wuyan nan taron iyaye ne, an yi shi tun kaka.
Aljihun nan ranar rigakafi ce.
Wadda allurai ke ciki ita ce uwar magana:
Saura kwana goma sha tara a rufe rajista,
Yaron da ba shi da takardar haihuwa
Ba zai zauna jarrabawar fita ba.

Da dare na tambaye ta. Ta dubi yatsun ƙafarta.
"Na ga keken ɗinki ya kwana uku bai yi kuka ba.
Na ga Inna na awon gero da gwangwanin tumatir.
Na san bayan kowace takarda kuɗi ke laɓe,
Sai na mai da su gaisuwa,
Gaisuwa ba ta cin ko dala."
Na ɗaga hannu da niyyar faɗa,
Hannun ya sauka a kanta a hankali,
Bakina bai sami abin cewa ba.

Na jinginar da dutsen guga.
Sawu biyar na yi tsakanin asibiti da kotu,
Da shaidu biyu da suka ci tuwon sunanta.
Ranar ƙarshe, da la'asar sakaliya, muka miƙa.

Yanzu duk Alhamis in an tashi Mushe na biyowa,
Shi ya faɗa, ni in zuba da ajami
A murfin kwali, in rataye a ƙofar shago.
Goggo Dudu mai ƙosai takan tsaya in karanta mata,
Bappa Yero mai amalanke ya ɗauka ya kai unguwarsu.
Har an fara zuwa shagona ba da yadi ba,
Sai don a ji yaushe za a raba maganin tsutsar ciki.
Cinikin bai ƙaru ba, benci ne dai ya yi kaɗan.

Jiya Jaratu ta kawo wata.
Ta tsaya ta karanta ta daga sama har hatimi,
Har wurin da aka ce surutunta ya yi yawa a aji.
Wannan na ninke ta, na sa a ƙasan akwati,
Almakashi bai taɓa ta ba.