Haƙorin Luba

Laifin nawa ne, kada a ɗora wa kowa.
Kullum in na kashe keke da dare,
na gama zagayen Mabera da Gawon Nama,
sai in ratse teburin Ɗanjuma,
in sayi minti na hamsin, ja da kore,
in biya yarinya bashin yinin da ba ta gan ni ba.

Tana barci nake tashinta.
Ta tsotsa ido rufe,
ta koma kwana da zaƙi a kunci,
ni ko ina ganin na cika uba.

Sai daren wata Talata cikin bazara,
ga zafi, ga wuta an ɗauke,
kukanta ya tashi maƙwabta.
Kulu ta sa kanumfari, ta ba ta ruwan gishiri,
ba ta ce mini uffan ba,
shirun nan ya fi zagi ciwo.
Kafin asuba kunci ya yi kamar goruba.

Likita ya haska 'yar fitila,
yac ce, "Malam, matso ka duba."
Rami ne baƙi, bai fi ƙwayar gero ba,
a turmin 'yar shekara shida.
Ni na haƙa shi, hamsin-hamsin,
ba da gatari ba.

Ran Juma'a na tafi Rijiyar Ɗorowa
gun Inna Ige, yayar tsohona,
wadda ta haura saba'in tana tauna ƙashi.
Tac ce, "Kai, mi kaka biɗa cikin leda?
Zaƙi na bisa icce tun ba a haifi shago ba."

Ta jawo turmi.
Dabinon da anka kawo ta Illela, ta zare ƙwallo,
soyayyar aya, gyaɗa, riɗi,
garin 'ya'yan kuka don ɗan tsami,
citta bakin farce,
sukari ko na rantsuwa babu.
Ta miƙo mini taɓarya.
Matan gida sunka leƙo suna ƙyaƙyatawa:
ƙato da gemu yana daka!
Na daka har taguwa ta jiƙe,
ban ɗaga kai ba.

A gida Kulu ta zuba yashi a tukunya,
ta dora garwashi bisa marfi,
ta kwaɓa alkama da dankali da nunanniyar ayaba.
Na farko ya fito baƙi ƙirin,
akuyarmu ta sansana ta wuce.
Na biyu ya zauna kamar tubali.
Na uku ne ƙamshinsa ya ƙetare katanga
har Modi ɗan maƙwabta ya zo aron tsintsiya
da ba a aike shi ba.

Amma Luba ta tura baki:
"Wannan ba shi da riga mai ƙyalli."
Na ciro kalandar bara daga bango,
na yanka ta ƙanana,
na naɗe curin dabino ɗai-ɗai,
na murɗe kai da gindi.
Ta kwance ɗaya a hankali, ta gutsura,
ta yi shiru, tana lissafi.
"Baba, na nawa ne?"
Na nuna mata kantar tafin hannuna,
ta taɓa, ba ta gane ba.

Yanzu biyu take ci, da rana,
ta bi da ruwa, ta goge baki,
don Inna Ige ta ja kunne:
dabino ma yana maƙalewa.
Ni kuwa ina shigowa kafin isha'i,
tana ido biyu.
Ɗanjuma ya tare ni, "Ko mun yi faɗa?"
Na ce a'a, ciniki ne ya koma gida.

Jiya na gaba ya faɗi don kansa, fari tas.
Ta rufe giɓin da hannu
kada ƙadangare ya gani ya hana fitowa.
Na ce buɗe in leƙa.
Can ƙasan dasashi wani na turowa,
sabo, ɗan mitsitsi,
wanda bai san Ɗanjuma ba.