Ƙafar Raƙumi

Fijon babana ya girme ni da shekara tara.
Baƙi ne, ko da yake yanzu
tsatsa ta cinye rabin baƙin.
A kansa ya raba wasiƙu daga Birni zuwa Zango
shekara ashirin da 'yan kai,
da taya siririya kamar tsumagiya,
don shi hanyarsa tsakuwa ce,
tsakuwa kuwa ba ta haɗiye mutum.

Ni aikina allurar awaki.
Inda kwalta ta ƙare, nan nake farawa:
rairayi har idon sawu,
in sauka, in tura, in zagi rana,
ƙanƙara na narkewa cikin akwati a bayana,
magani ya mutu kafin in kai ruga.

Ran Alhamis na tura shi Kasuwar Dole
wajen Abarshi mai yatsa tara,
rataye da taya biyu a wuya,
na gwanjo, masu kaurin damtsen mahauci.
Ya dubi taya, ya dubi keke,
ya gama tauna goronsa tukuna.
"Ƙafar raƙumi ka kawo a sa wa barewa.
Jaka uku. Kuma in ta karye ba ruwana."

Madigadi ya fara cirewa.
Na ce a bari. Ya ce, "To, ɗauki kekenka."
Na yi shiru.
Na baya yana da lotsawa a gefen hagu,
ranar da baba ya kauce wa jaki a Garin Malam
ya dawo da jini a gwiwa,
jakar wasiƙu ko ƙura ba ta taɓa ba.
Abarshi ya jefa shi kan tarin ƙarafa.
Na bi na tsince shi kamar na tsinci haƙorina.

Sai ya soka guntun icen gawo tsakanin ƙafafun ƙarfe,
yana bugawa sannu, yana kasa kunne,
kamar mai ɗori da ya san
ƙashin tsoho ba ya son gaggawa.
Ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara.
Ni na ji ta a ƙugu.
"Na da ne," in ji shi, "yana jin lallashi.
Na yanzu da tuni ya tsage."

Da la'asar taya ta shiga, da ƙyar,
kamar wanda ya ƙoshi ya sa rigar ƙuruciyarsa.
Ya zaro tsinken ashana ɗaya,
ya zura tsakanin roba da ƙarfe.
Ya wuce dama. Ya wuce hagu, yana gogawa.
"Iyakar abin da Allah ya ba ka ke nan.
Kada ka cika mata iska,
rairayi ba ya son mai girman kai."
Birkin gaba bai kai ba, muka haƙura da shi.

Na bi ta tsakanin manyan duwatsu da asuba,
yara masu turin jarkar ruwa na ta dariya.
Ya yi nauyi, ba ƙarya,
a kan kwalta yana gurnani kamar mai mura.
Amma da hanya ta yi laushi,
inda kullum nake sauka,
ban sauka ba.
Na waiwaya: sawu mai faɗin tafin hannu,
ba sawun da na tashi ina gani a ƙofar gida ba.

Da magariba na dawo, wando duk taɓon kashin shanu,
tunda babu madigadi.
Inna na zaune a tabarma, ido ya daɗe da tafiya.
Ta shafa tayar, ta janye hannu.
"Wannan na wane ne?"
Na danna ƙararrawa sau biyu.

Ta gyara ɗankwali.
Ta ce, "Ka makara. Tuwo ya huce."
Ban san da wa take ba.